Addu'ar Gogewa

Daga Sano, ƙauyen Nagusa a tsibiri, zuwa ga ƙanenta Kumezo kafinta, a Nagasaki

Kume,

Ina gaishe ka, ina gaida Tase da yara. Ya hannun naka da katako ya danne, ya warke? Mu nan da sauƙi, ban da gwiwar da ka sani. Dankali ya yi kyau bana, mun yanka mun shanya. Tsoho Sakubei mai ja mana addu'a ne yake rubuta mini, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kar ya gyara mini magana.

Kume, Gonroku ya rasu. Mijina ya tafi ranar da aka gama tonon dankali, da hantsi, bai sha wuya sosai ba. Amma ba mutuwar ce ta sa na aiko ba. Binnewar ce.

Ka san yadda muke yi tun kakanni, kar ka ce birni ya mantar da kai. In namu ya mutu, a kira Osho, malamin haikalin Buda, don doka ce, ba a sa kowa a rami sai ya duba gawa ya buga hatiminsa. Ya zo ya ɗora aska a kan mamaci, ya yi karatunsa. Mu mata muna gabansa muna kuka da ƙarfi, ku maza kuna ƙurya bayan ƙofar takarda kuna addu'ar gogewa a hankali, duk abin da ya karanta kuna share shi. Ya sha shayinsa ya tafi, mu binne namu a kan hanyar Yesu da Uwa Maryamu. Haka aka yi wa babanmu, kana cikin masu gogewar. Haka aka yi wa inna. Wa ya taɓa kama mu?

To, Iwamatsu ya ƙi. Ɗan da na haifa ya tare bakin ƙofa ya ce Osho ba zai taka gidan nan ba. Na ce, "Iwa, ka haukace?" Ya ce, "Kawu Kume ya aiko. Fada, limamin cocinsu, ya ce ƙarya muke yi a kan gawa." Ya zaro takardar da ka aiko da bazara yana nuna mini. Na ce, "Nuna wa wa? Kai ma ba iya karatun ka yi ba, ɗan banza." Ya ce ai ya haddace ta.

Da tsakar rana shi da wasu samari suka hau da uban nasa kan tudu. Suka ɗaure sanda biyu suka kafa, suka ɗaga murya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an kira sunan Yesu a fili ba. Masuntan bakin ruwa suna cikin kwale-kwalensu, duk sun ɗago kai.

Kashegari sai ga Osho ya hauro da kansa, yana haki, ka san ƙibarsa. Ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Sano, ina maigidan?" Na ce ya tafi kamun kifi. Tsohon da ko fitsari sai an ɗaga shi! Osho ya dubi jar ƙasar da ke ƙafata, ya ce, "To, in ya dawo ki ce ina nemansa." Har ya juya. Sai Iwa ya fito ya ce, "Ya mutu, mun binne shi. Mu Kirista ne." Osho ya ce, "Iska ta yi yawa yau, ban ji ba." Iwa ya maimaita da ƙarfi. Osho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yaro, kurmancina yana da iyaka." Ya gangara.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Matar Iwa, Nui, sai ta yi ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Sakubei ya sauka bakin ruwa ya duba allon hukuma. Ya ce katakon sabo ne, maganar ta dā ce: mugun addini haramun ne, wanda ya san mai yi ya faɗa.

Kai ka ce a takardarka manyan Turawa sun yi magana da hukuma, ba mai taɓa mu. Da gaske ne, ko ji ka yi? Ka ba ni amsa ta hannun mai jirgin da ya kawo maka wannan. Ina jin tsoro, Kume.

Yayarka,
Sano


Daga Kumezo zuwa ga Sano

Yaya,

Gaisuwa da ta'aziyya. Ubangiji ya karɓi Gonroku, ya ba ki haƙuri. Tase ta yi kuka da na karanta mata. Hannuna ya warke, na koma aiki, yara lafiya lau.

Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ke kina tsibiri, ba kya ganin abin da muke gani. Tsohuwar hukuma ta faɗi. Sababbin nan jiragen Turawa suke so, da bindigoginsu da injinansu, ba za su yarda su ɓata da su saboda manoman dankali ba. A nan coci tana tsaye a kan tudu da gicciyenta, kowa yana gani, ni na yi mata wasu tagogin. Gaskiya an kama mutanen wani ƙauye kusa da mu, an kwashe wasu, amma jakadun Turawa sun je sun yi faɗa, kowa na cewa za a sake su. Allon da Sakubei ya gani saura ne, za a cire. Addinin da sarakunan manyan ƙasashe suke durƙusa masa, shi wani zai kira mugun addini?

Maganar gogewa kuwa, kar ki ji haushina. Na karanta wa Fada addu'o'inmu na gida. Ya saurara, ya yi hawaye, sannan ya ce rabin kalmomin sun lauye, wasu ma ba su da ma'ana a kowane harshe, kuma mun gauraya gaskiya da tsafi ba mu sani ba. Ya ce kakanninmu suna da uzuri don ba su da makiyayi. Mu ba mu da shi yanzu. Ba a yi wa Ubangiji sujada a ƙurya a yi wa gunki a zaure. Kuma wanda ya yi musu da baki ya yi musu, ba addu'ar da ke share shi.

Ki gaya wa Iwa ya fi ni, ina alfahari da shi. Ki ce kawunsa ya ce ya tsaya, ko an sa masa takobi a wuya kada ya yi musu, ko da na fatar baki ne. Amma ba za a kai nan ba, Yaya. Zamanin ya wuce.

Na sa miki man shafawa na gwiwa a ƙunshin.

Ƙanenki,
Kumezo


Daga Sano zuwa ga Kumezo

Kume,

Ina gaishe ka. Ina fata kuna lafiya. Ni ba na lafiya, ba kuma wanda ke lafiya a nan. Man ya zo. Wanda ke rubuta wannan Chuji ne, mai yawon sayar da magani, ba namu ba ne. Ya ce in gaya maka hannunsa ne kawai a ciki, kunnensa ba ya nan. Sakubei ba zai ƙara rubuta wa kowa ba.

Sun zo. Muna cikin karin kumallo suka zo, wakilin hukuma da masu takobi, masuntan bakin ruwa a bayansu da gora da igiyar jirgi. Mutanen da muke ba dankali su ba mu kifi! Suka ɗaure mu kamar itace, har masu goyo. Wani ya daki Nui a baki da gora don ta tsaya ɗaukar zani, haƙoranta biyu suka zube a tabarma. Suka kora mu gangare, suka zuba mu a rumbun kifin mai gari, duk ƙauyen a ɗaki ɗaya. Ba wurin zama. A tsaye muke barci, a tsaye muke komai. In ka ɗaga ƙafa ba za ka ƙara samun ƙasa ba. Jaririn gidan Matsu ya mutu a tsakanin mutane, uwar ba ta sani ba sai da ya yi sanyi.

Da safe suna fitar da maza farfajiya, mu muna leƙe ta tsagar katako. Sun jera itace mai kaifin baya, su durƙusar da mutum a kai, su ɗora masa duwatsu a cinya, ɗaya kan ɗaya, har su kai haɓa. Sannan su sa sanda su girgiza. Na ji ƙashin ƙaurin Sakubei, Kume. Da kunnena na ji.

Wakilin yana zaune a kujera da kaskon wuta a gabansa. Ya ce wa Sakubei, "Tsoho, addini yana da haikali, yana da ƙararrawa, yana da sunansa a wurin hukuma. Ku a ɗakin ajiya kuke taruwa, kuna raɗa da harshen da ba na ƙasar nan ba, babbanku yana hayin teku. Wannan ba addini ba ne, ƙungiyar asiri ce. Ranar da jiragensu suka zo, ku za ku buɗe musu ƙofa."

Sakubei ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya sa mu a ɗakin ajiyar? A cire allon nan yau, gobe za ka ji mu har ka gaji. Kuma wace ƙofa gare mu? Ta gidana ma akuya ce ke buɗe ta."

Wasu masuntan suka yi dariya. Wakilin bai yi ba. Ya ce a ƙara dutse. Tsohon bai kai azahar ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, wannan wakilin shi ne bara yake gaba a bikin Buda, yana ta ruku'u. Yanzu ya ce sabuwar hukuma ta ce Buda ma baƙo ne, allolin ƙasa kaɗai za a bi. Takardar barin addini da suke ba mutum ya dangwala ma ba ta haikali ba ce. To wanne ne na gaskiyar? Ni dai na ga wanda ke da takobi shi ke faɗa.

Da aka zo kan mata, aka ce wadda ta bar addinin ta dangwala yatsa ta tafi gida. Na dangwala. Kar ka ɓata fuska, ina ganinka daga nan. Nakan taka hoton Uwa Maryamu a gaban hukuma kowace sabuwar shekara tun ina budurwa, kamar yadda suke tilasta mana, in dawo in wanke ƙafa in sha ruwan in nemi gafara, haka inna ta koya mini, kuma Uwa ba ta taɓa riƙe ni a zuci ba. Nui ma ta dangwala, 'yan'uwanta sun zo sun tafi da ita. Maza da yawa sun dangwala.

Iwa ya ƙi. An ɗora masa dutse, an ɗura masa ruwan teku da mazurari har cikinsa ya kumbura, wani ya hau ya taka. Da ya farfaɗo aka miƙa masa takardar. Ya ce, "Kawuna ya ce in tsaya."

Ka ji? Bai ce Yesu ya ce ba. Kawuna ya ce.

Don haka kai nake roƙo. Ka je wurin Fada, ka kama ƙafarsa, ka ce yaro ɗaya ne gare ni. Ya yarda Iwa ya faɗa da baki kawai. In Fada ya ƙi, kai ka rubuto, layi ɗaya ya isa: Iwa, ka dangwala, ka bi uwarka gida. Ya san hannunka ko bai iya karatu ba. Ba zai ji maganata ba, taka zai ji. Ka yi sauri. Chuji zai ba mai jirgin dakon gawayi takardar nan.

Ina jakadun naka?

Sano


Daga Sano zuwa ga Kumezo

Kume,

Gaisuwa. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka ce komai ba. Jirgin gawayi ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Ina tsaye a bakin ruwa duk lokacin da ya shigo, mai jirgin har ya daina kallona. Chuji ne dai ke rubutawa, ya ce wannan ce ta ƙarshe, gobe zai bar tsibirin, maganinsa ba ya aiki a garin da ake karya mutane da gangan.

Na koma gida ban tarar da gida ba. Sun kwashe dankalin, sun kwashe tabarmi da tukwane, sun ciccire ƙofofin takarda, har katakon daɓe. Ginshiƙai ne da rufi. Na ga tukunyata a hannun matar wani masunci, ta ce, "Sannu Baba, ya sanyi?" Na ce lafiya lau. Me zan ce?

Dusar ƙanƙara ta fara. An bar mu mu kai wa 'yan rumbu abinci, ɗan guntun dankali safe da yamma. Saiwa nake tonowa in dafa. Masu gadin suna caka sanda a ciki wai ko na ɓoye laya. Ɗaya yana ce mini Tsohuwar Mayya, ya ce, "An ce kuna shan jinin jarirai, da gishiri ko haka nan?" Na ce, "Ɗana, ni ko miya ba ni da ita."

Waɗanda suka rage a ciki ba su da yawa, yanzu akwai wurin kwanciya. Akwai wata tsaga ta bayan rumbun, nan nake durƙusawa. Ƙafafun Iwa sun ruɓe daga gwiwa zuwa ƙasa, tun daga waje ake jin warin. Shekaranjiya sun ɗaure shi a turke cikin teku tsirara, ruwa yana hawa har wuya, wakilin yana tambaya daga kan dutse, "Sarkin ƙasar nan ko sarkin Turawa?" Iwa ya ce shi bai san wani sarkin Turawa ba. Gaskiya ya faɗa, ina zai san shi?

Jiya na ce masa, "Iwa, kawunka ya aiko, ya ce ka dangwala." Ya ce, "Mu ga takardar." Na ce ruwa ya jiƙa ta. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Inna, ba ki iya ƙarya ba. Osho kaɗai kike iya ruɗa." Sannan ya ce a hankali, "In ya aiko da gaske, ki kawo. Na gaji, Inna."

Ka ji abin da ya ce? Ya gaji. Ƙofar a buɗe take, kai kaɗai yake jira. Na roƙi Chuji ya kwaikwayi hannunka, ya ce bai taɓa ganin rubutunka da kyau ba, kuma takardunka suna ƙirjin Iwa, Iwa zai gwada su ya gane jabu ce.

Kume, ni na goya ka lokacin da inna take gona. Ban taɓa neman komai a wurinka ba. Layi ɗaya.

Sano


Daga Kumezo zuwa ga Sano

Yaya,

Ina gaishe ki, ban san da wane baki ba. Takardunki biyu tare suka same ni. Ba na gida, an fara kame a unguwarmu, mun gudu da Tase da yara, muna ɓoye a wurin ajiyar katakon wani Bature. Ƙaramar tana zazzaɓi. Na yi kuskure a kan zamanin, Yaya. Na faɗi abin da na ji ana faɗa.

Na je wurin Fada kamar yadda kika ce. Na kama ƙafarsa. Ya yi kuka tare da ni, ya ce ba shi da ikon halatta musun addini, ko babbansu na can ba shi da shi. Ya ce ya rubuta wa jakadansu, jakadan ya kai kuka, hukuma ta amsa cewa wannan maganar cikin gida ce. Ya ce za su ci gaba da matsawa, wata rana za a cire allon.

Na dawo na ɗauki alƙalami in rubuta layin da kika ce. Na zauna har tawada ta bushe. Yaya, in na rubuta, ya dangwala, sannan ciwon ya kashe shi bayan kwana kaɗan, ina na tura shi? Ni zan ɗauki wannan? Na kasa. Ki tsine mini in kina so. Ki ce masa ina yi masa addu'a, ki ce masa aljanna tana kusa.

In abin ya faru, kada ki bar Osho ya taɓa shi, bayan duk abin da ya sha. Kuma ki adana rigarsa. Fada ya ce rigar wanda ya mutu saboda Yesu abu ne mai tsarki, za a yanka a raba wa masu bi.

Ki yafe mini.

Kumezo


Daga Sano zuwa ga Kumezo

Kume,

Ina gaishe ka. Ya jikin yarinyar? A dafa mata citta. Ni ina nan, ina numfashi.

Takardarka ta zo. Ba ta sami wanda za a gaya wa aljanna tana kusa ba. Iwa ya riga ta. Da safe na kai abinci, mai gadin nan da ke ce mini mayya ya ce, "Baba, koma da kwanonki." Bai kalle ni ba.

Sun jefo shi bayan rumbu tare da wasu. Wakilin ya ce gawar da ba hatimi ba za a binne ta ba, teku za a kai, don har yau ba a soke wannan dokar ba. Ka ce kar Osho ya taɓa shi. To kifi ne zai taɓa shi? Na tafi haikali.

Ba ka ga haikalin ba. Mutanen wakilin sun sauke ƙararrawar wai za a narka, sun fille kawunan gumakan dutsen bakin hanya. Na tarar da Osho a zaune a baranda cikin bargo, ya zube, fatar wuyansa tana lilo. Ya ce, "Sano. Kin zo ki ga yadda mugun addini na biyu yake?" Na ce, "Kai ka kai ƙararmu." Ya ce, "Ni na kai. Kabari ba hatimina, a tudu, da gicciye, duk masunta sun gani. In ban faɗa ba ni za a ɗora wa dutse, kuma ni matsoraci ne. Na ba ɗanki hanya har sau biyu." Na ce, "Ɗan nawa yana bayan rumbu." Ya ce, "Ya ƙi ni yana da rai." Na ce, "Yanzu ba shi da baki. Tashi."

Ya tashi. Shi da wani masunci suka ɗauko Iwa a kan ƙyaure suka hauro da shi. Na wanke shi ni kaɗai. Ba zan gaya maka yadda ƙafafun suke ba. Takardunka suna ƙirjinsa, sun manne da fata, na bar su.

Osho ya ɗora aska, ya yi karatunsa, gajere. Ban yi kukan da na saba yi ba, na gaske ba ya fita da ƙarfi. Da ya gama sai na waiwaya ƙurya. Ba ƙofa, ba ƙurya, ba maza. Sakubei ya mutu, sauran suna rumbu ko sun gudu. Karatun Buda yana kan ɗana, ba mai gogewa.

Na ce to, komai ya riga ya fito fili. Na durƙusa a gaban Osho na fara addu'ar gogewa. Ka san ba a koya wa mata ita, mu namu kuka ne. Abin da na tsinta ta bayan ƙofa, farkon kawai na sani. Na kai inda na sani na tsaya. Na koma farko, na sake tsayawa a wurin. Na yi ta yi. Ina cewa shi ke nan, zai tafi da rabin wannan da rabin wancan, ba inda za a karɓe shi.

Sai na ji an ɗora daga inda na tsaya. Osho ne. Ya juya mini baya yana kallon teku, yana faɗin ta kalma bayan kalma, da irin jan muryar Sakubei, har da wurin da tsohon yake tsayawa ya yi kaki. Na bi shi. Muka kai ƙarshe, ya ce amin kafin ni.

Na ce, "A ina ka samo?" Ya ce, "Ƙofar takarda ce fa, Sano. Tun ina saurayi nake zuwa gidajenku. Sakubei in yana raɗa har awaki suna amsawa. Kukanku kuwa bai taɓa rufe komai ba, ciwon kai kawai yake sa ni. Me kike tsammani yake sa in ja karatuna a gidajenku? Jira nake su kamo ni." Ya goge hanci ya ce, "Yau na share aikina da bakina. Tsufa bai yi ba."

Mun binne shi kusa da ubansa. Na sa Osho ya yi wa Gonroku ma, karatun da gogewar, don hankalina bai taɓa kwanciya da yadda ya tafi ba. Na san Iwa zai yi fushi. Ya yi. In na isa can mu yi faɗanmu, na saba. Ni dai hanyar da babanmu da inna suka bi ita na sani, ita na sa shi, don ya tarar da wanda ya sani.

Rigar da ka ce, tana jikinsa. Ita kaɗai gare shi, kuma ƙasar da sanyi. Ba a yanka ta.

Ban tsine maka ba. Ba ni da ƙarfin. In an cire allon wata rana, ka zo ka gyara mini ƙofa.

Osho ne ya rubuta wannan, ba wani mai alƙalami da ya rage. Ya ce in tambaye ka ka tambayi Fada, ko addu'ar da ta fito daga bakinsa tana karɓuwa, wai yana son ya sani. Na ce ya rubuta tambayar tunda tasa ce. Amma ni, Kume, kar ka tambayo mini. Na gama jiran jirgi.

Yayarka,
Sano